Yadda ake nazarin wasannin manyan gasar ces da buɗinsu ba tare da haddar aku ba

Salam 'yan uwa masu buga ces, wasan nan da wasu ke ce wa darar Turawa. Tambayar da aka fi yi min ita ce wai wane buɗi ne, wato takun farko-farko da ake fara wasa da su, ya fi ƙarfi a faɗa min in haddace, kuma duk sanda aka yi min ita sai na tuna wata 'yar gasa da na taɓa shiga, zagaye biyar a kwana biyu. Sati uku na yi ina haddar wani buɗi da ake kira Sisiliyan Najdorf, taku goma sha biyar cif a kaina, ko cikin bacci ka tashe ni zan jero maka su. Ranar farko aka haɗa ni da wani yaro ɗan sakandare, ya buga e4 na buga c5 (sunayen gidajen allo ne, bayaninsu na nan gaba) ina jiran doki ya fito f3, kawai sai yaron nan ya tura soja c3. A taku na biyu fa. Duk haddar nan ta tashi a banza domin ban taɓa tambayar kaina me ya sa ake buga c5 ɗin ba tun asali, balle in san abin yi idan aka kauce hanya. Ya cinye ni, kuma wallahi abin ya yi min ciwo, amma daga ranar na canza yadda nake karatun wasan nan gaba ɗaya, shi ne abin da zan zayyana muku a nan.

Wanda ya san darar gida zai gane maganar da wuri. A dara kafin a fara ci ai sai kowa ya gama dasa 'ya'yansa goma sha biyu a ramuka, kuma gwani ba haddace ramukan ya yi ba, yana dasawa ne yana hango inda ukun za su jeru nan gaba. Buɗi a ces haka yake, dasa 'ya'ya ne domin faɗan da ke zuwa a tsakiyar wasa. Shi ya sa ba a koyon buɗi shi kaɗai a yanke, ana koyonsa ne a cikin cikakken wasa daga takun farko har inda aka miƙa hannu.

Kayan aiki da karatun rubutun wasa

Ka nemi allon ces na gaske da 'ya'yansa, ko na roba mai naɗewa ne ya isa, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, sai wayarka. Na san za a ce ai komai yana waya, eh yana nan, amma a waya yatsa ne ke gudu, danna danna danna ka gama wasa mai taku arba'in a minti ɗaya ba abin da ya zauna. Idan kai ne ka ɗaga dokin da hannunka ka ajiye, ido yana ganin allon irin yadda zai gan shi ranar gasa. In za ka shimfiɗa allon ka tabbatar gidan kusurwar hannun damanka fari ne, sarauniya kuma tana kan gida mai launinta.

Sai rubutun. Layukan tsaye suna da haruffa a zuwa h, na kwance lamba 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga ɓangaren Fari. K sarki, Q sarauniya, R ruk, B bishop, N doki tunda sarki ya riga ya ɗauke K, soja kuwa ba shi da harafi gidan da ya je kawai ake rubutawa. Alamar x ci ne, + cek wato an kai wa sarki hari, # mat wato sarki ba shi da mafita wasa ya ƙare, O-O shigar da sarki ɗaki ta gajeren ɓangare, O-O-O ta dogon. In ka ga ! taku ne mai kyau, ? kuskure, ?? babban kuskure, !? taku mai jan hankali da ba a gama tantance shi ba. 1-0 Fari ya ci, 0-1 Baƙi ya ci, ½-½ canjaras. Kwana biyu ya ishe ka ka saba, kuma dole ne ma, domin a gasa mai dogon lokaci dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, ta wajabta wa kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa.

Inda za ka samo wasannin

Ana ajiye wasannin ces a fayil da ake kira PGN, rubutu ne zalla don haka ba ya cin data, wasa dubu ba su kai nauyin gajeren bidiyo ɗaya ba. Masu shafin intanet na The Week in Chess tun 1994 suke fitar da wasannin gasar duniya duk sati kyauta, ka sauke ka ajiye. Shafin Chessgames yana da kyau wajen neman tsofaffin wasanni da sunan ɗan wasa da shekara. Shafin Lichess kuma kyauta ne gaba ɗaya, ka shiga allon nazari ka danna alamar littafin nan, zai nuna maka a duk inda ka tsaya wane taku manya suka buga, sau nawa, da yadda aka tashi, kuma rumbun manyan nasu na 'yan wasa ne masu maki 2200 zuwa sama, wato makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi. In wayarka Android ce akwai manhajar DroidFish, tana buɗe PGN ba sai da intanet ba, mai kwamfuta kuma ya nemi manhajar Scid.

Abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka nema shi ne lambobin ECO. Masana a Belgrade ne suka kasa duk buɗin ces gida 500, daga A00 zuwa E99. Sisiliyan B20 zuwa B99, Karo-Kan B10 zuwa B19, buɗin Faransa C00 zuwa C19, Italiyan C50 zuwa C54, Ruy Lopez C60 zuwa C99. In ka san lambar buɗinka sai ka tace fayil ɗin sati da ita, cikin dubban wasanni ka ware naka kawai.

Zaɓi kaɗan, ka zaɓi gwani ɗaya

Buɗi uku kake buƙata a farko, ba talatin ba. Ɗaya in kana Fari, ɗaya na amsa e4, ɗaya na amsa d4. Ni shawarata ga wanda bai yi nisa ba ya buga e4 ya bi Italiyan, wato 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4, in yana Baƙi ya amsa e4 da e5, d4 kuma ya amsa da d5 da e6. Wani zai ce tsohon yayi ne, toh ka duba wasannin gasar Tata Steel da ake yi duk Janairu a Wijk aan Zee ta ƙasar Holan ka ga ko manya sun daina buga su. Dalilina shi ne a irin waɗannan dalilin kowane taku a fili yake, ana gani da ido, saɓanin Najdorf da sai ka yi shekaru kafin ka gane me a6 ɗin nan take tsarewa.

Bayan nan ka zaɓi ɗan wasa ɗaya da ke buga buɗin naka ka bi shi kamar almajiri da malaminsa, ka tara wasanninsa kamar ashirin a wannan buɗin, har da waɗanda aka cinye shi, kar ka tsallake su don su ne ke nuna inda ramin yake. Kuma ka fara da tsofaffi kafin na yanzu. Wasan manyan yanzu irin Carlsen da Caruana in ka kalla ba za ka ga komai ba, kowa ya san shirin kowa ya toshe tun kafin a fara, amma a wasannin gwanayen da, irin Morphy ko Capablanca, sau da yawa abokin karawar bai gane abin da ake ƙulla masa ba, sai ka ga shirin ya tafi daga tushe har ƙarshe ba tangarɗa, a nan ake koyo.

Yadda ake bin wasa ɗaya, sau uku

Nan ne zuciyar maganar don haka zan daɗe a kai. Kowane wasa sau uku nake binsa.

Bi na farko da sauri, minti biyar, kamar mai kallon ƙwallo, kawai in ga labarin: wa ya kai hari, ta wane ɓangare, a ina abu ya lalace. Bi na biyu shi ne aikin. Ka zauna a ɓangaren wanda ya ci, ka sa takarda ka rufe takun da ke gaba, daga wajen taku na shida ko na takwas ka fara tsayawa kana tambayar kanka, in ni ne me zan buga? Ka rubuta amsarka a littafi kafin ka buɗe, rubutawar tana da muhimmanci don in ba ka rubuta ba zuciya za ta ce maka ai dama shi na yi niyya. In ya zo daidai madalla, in ya saɓa kar ka wuce sai ka gano me ya gani da kai ba ka gani ba. Bi na uku kuma ka rufe komai ka mayar da 'ya'yan gida ka gwada buga wasan da ka, duk inda ka kakare to nan ne ba ka fahimta ba, ka koma.

Bari mu gwada da gajere. Wannan ba a gasa aka buga shi ba, a gidan kallon waƙa ne a Faris shekarar 1858, Paul Morphy na Amurka da Fari, wasu masu sarauta biyu suna shawara da Baƙi, amma ban san wasan da ya fi shi koyar da ma'anar buɗi ba. Ka shimfiɗa allo ka bi ni. 1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4 4.dxe5 Bxf3 5.Qxf3 dxe5 6.Bc4 Nf6. Tsaya nan ka rufe. Me za ka buga? Morphy ya buga 7.Qb3, sarauniya ta koma bayan bishop suna kallon f7 su biyu, kuma tana kallon b7, wuri biyu a taku ɗaya. Baƙi ya ce 7...Qe7. Yanzu ga sojan b7 a banza, yawancinmu hannu zai kai, amma in ka ci 8.Qxb7 sai Qb4+ dole a yi musayar sarauniya, ka samu soja amma wutar ta mutu. Morphy bai ci ba, ya fito da doki 8.Nc3, kuma ka lura sarauniyar Baƙi da ke e7 ta toshe wa bishop ɗinta hanya. 8...c6 9.Bg5 b5 10.Nxb5 cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O, dubi wannan, sarki ya shiga ɗaki kuma ruk ya faɗo kan layin d a lokaci guda. 12...Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1 Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8#. Yanzu kalli allon da kyau kafin ka kwashe. Fari ruk ɗaya da bishop ɗaya suka rage masa banda sojoji, su suka yi mat ɗin, Baƙi kuwa ga sarauniya ga komai amma bishop na f8 da ruk na h8 ko motsi ba su yi ba tun da aka fara. Abin da za ka rubuta a littafinka kenan da kalmominka, ba jerin takun ba.

Toh yanzu na babbar gasa, wanda zai nuna maka yadda buɗi ke tafiya daga wasa zuwa wasa. Gasar kambun duniya ta 1972 a Reykjavik, wasa na shida, Bobby Fischer da Fari, Boris Spassky da Baƙi. Fischer kusan duk rayuwarsa e4 yake buɗewa da shi, ranar sai ya buga 1.c4, aka ci gaba e6 2.Nf3 d5 3.d4 Nf6 4.Nc3 Be7 5.Bg5 O-O 6.e3 h6 7.Bh4 b6. Darasi na farko tun a nan: an fara da c4 amma an ɓulle a buɗin da aka saba shiga ta 1.d4 d5 2.c4 e6, reshen Tartakower. Wanda ya haddace jeri kawai zai rikice, wanda ya san hoton allon zai ce a'a ai gidanmu ne aka shigo ta ƙofar baya. Sai 8.cxd5 Nxd5 9.Bxe7 Qxe7 10.Nxd5 exd5 11.Rc1 Be6 12.Qa4 c5 13.Qa3. Tambayi kanka me sarauniya take yi a a3, gefen allo? Ka ja layi daga a3 zuwa e7 za ka ga sojan c5 ne kaɗai a tsakaninta da sarauniyar Baƙi, wato an ɗaure shi, in ya motsa uwar ɗakinsa ta tafi. 13...Rc8 14.Bb5 a6, kuma nan ma sojan a6 ba zai iya cin bishop ba don ruk na a8 zai faɗi. 15.dxc5 bxc5 16.O-O Ra7, yanzu sarauniya tana tsaron ruk ɗin, barazanar cin bishop ta zama gaske, shi ya sa 17.Be2. Sai Nd7, kuma a nan nake so ka rufe takarda ka daɗe. 18.Nd4. Doki ya shiga bakin soja, amma sojan a ɗaure yake, kuma dokin Baƙi da ya sauka d7 ya raba ruk da sarauniya. 18...Qf8 19.Nxe6 fxe6 20.e4, ya doki tsakiya, Spassky ya tura d4, da wannan turawar gidan c4 ya zama na bishop ɗin Fari har abada, daga nan f4, e5, Bc4, Qh3, f5, wasa ya ƙare a taku na 41 kuma Spassky da kansa ya taya 'yan kallo tafi.

In ka tsaya a nan za ka ce ashe 14.Bb5 ta kashe wannan buɗin. Kar ka tsaya. Ka je rumbun wasanni ka saka allon a daidai taku na 14 ka ga wa ya sake zuwa wurin. Za ka tarar Efim Geller, wanda yana cikin masu taimaka wa Spassky a waccan gasar, shi aka fara yi wa wannan Bb5 a 1970 a hannun Semyon Furman, sannan a 1973 a Hilversum Jan Timman ya sake buga masa ita, sai Geller ya amsa da 14...Qb7 maimakon a6, ya kuma ci wasan. Ka gani? Wasa uku, shekara uku, taku ɗaya. Abin da ake kira ilimin buɗi kenan, gardama ce da manya ke yi a kan allo, wannan ya kawo hujja wancan ya warware. Kullum in ka gama wasa ka tambayi rumbu, daga wane taku aka bar hanyar da aka sani, kuma bayan wannan wasan me aka gyara.

Kalli sojoji kafin manya

Bayan ka bi wasa biyar ko shida a buɗi ɗaya, ka yi wannan: a wajen taku na goma sha biyu ka kwashe duk manyan 'ya'ya ka bar sojoji da sarakuna kawai, ka zana hoton a littafinka. Soja ba ya komawa baya, don haka tsarinsu shi ne ke faɗa maka inda za a yi faɗa. Misali in aka yi 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.cxd5 exd5, tsarin da ake kira Karlsbad, Fari yana da hanya biyu sanannu. Ko ya tura sojan b zuwa b4 da b5 ya fasa c6 ya bar wa Baƙi rauni a can, ko ya ajiye doki a e2 ya buga f3 sannan e4 ya mamaye tsakiya, irin yadda Botvinnik ya yi wa Keres a gasar Tarayyar Sobiyet ta 1952, ka nemi wasan ka gani. A Italiyan mai sanyi kuma, 3.Bc4 Bc5 4.c3 Nf6 5.d3, za ka yi ta ganin abu ɗaya: ruk zuwa e1, h3, dokin b1 ya bi ta d2 da f1 ya sauka g3, sai an shirya sannan d4. Wanda ya san wannan tafiyar dokin ko an canza masa jeri ba zai ɓata ba.

Tarkuna ma ka san su amma don kar ka faɗa, ba don su zama abincinka ba. In kana Baƙi aka yi 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5, kar ka ci da doki, 5...Nxd5 tana gayyato 6.Nxf7 sarkinka ya fito tsakar gida, abin da manya ke bugawa shi ne 5...Na5. Mai dogaro da tarko ranar da ya haɗu da wanda ya sani dara ce za ta ci gida.

Injin sai a ƙarshe

Stockfish, injin kwamfuta mai buga ces da tantance taku, ya fi duk wani ɗan Adam ƙarfi, ba gardama, amma ba ya bayani, lamba kawai yake ba ka, mai + Fari ke gaba, mai − Baƙi ke gaba. In ka kunna shi tun farko ka zama ɗan kallo. Sai ka gama bi ukun nan, ka rubuta tambayoyinka, misali me ya sa ba a ci sojan nan ba a taku na 19, sannan ka kunna ka buga takun naka ka ga da me zai hukunta ka. In ya nuna +0.3 ko −0.2 kar ka damu, a matakinmu wannan daidai ne, abin dubawa shi ne inda lambar ta yi tsalle, daga sifili zuwa +2 misali, nan ne aka yi ɓarna. Kuma ka kula yana zuƙe caji yana ɗumama waya, in wuta ba ta tsayawa a unguwarku ka tara tambayoyin ka yi su a zama ɗaya.

Haka ma alƙaluman rumbu, kar kaso ya ruɗe ka. Takun da aka buga sau biyar aka ci huɗu bai kai wanda aka buga sau dubbai ana tashi kusan daidai ba. Sannan a Lichess bayan rumbun manya akwai na sauran jama'a da za ka iya tacewa da maki, ka duba na masu makinka, domin abin da za a buga maka ranar Asabar ba shi ne abin da ake buga wa manya irin Gukesh ba. Yaron da ya buga min c3 da na duba tun farko da na ga ana yawan bugawa.

Kar kuma ka yanke wasan da zarar buɗi ya ƙare ka ce sauran ba ruwanka. A Landan shekarar 2000 Kramnik ya karɓe kambu daga Kasparov da ci 8½ da 6½, Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba, kuma babban makamin shi ne reshen Berlin na Ruy Lopez: 3.Bb5 Nf6 4.O-O Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8. Taku takwas an cire sarauniyoyi, wato buɗin kai tsaye ƙarshen wasa ya kai ka, in ba ka iya shi ba me haddar ta amfana maka. Ko gasar Singafo ta Disamba 2024 da Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18, a wasa na 14 ne abokin karawarsa Ding Liren ya yi kuskure a taku na 55, a ƙarshen wasan da kowa ke ganin canjaras ne.

Littafinka, da abin da za ka yi bayan ka buga naka

Kowane buɗi ka ware masa shafuka. A sama ka rubuta babban layin, taku takwas zuwa goma ya isa, kar ka wuce. A ƙasa hoton sojoji, sai shirin Fari da shirin Baƙi da Hausarka yadda za ka yi wa ƙaninka bayani, sai sunayen wasanni uku da suka fi nuna shirin, da shekara. A gefen duk takun da ba ka gane ba da farko ka rubuta dalilinsa a jimla ɗaya. In ka fi son waya Lichess yana da wurin ajiye nazari babi babi, amma ni dai na fi yarda da biro.

Sannan ka buga shi. Ba wasan minti ɗaya ko uku ba, aƙalla minti goma sha biyar kowa, ko ka samu aboki ku zauna bayan la'asar ku fara daga taku na takwas na buɗin, ka buga Fari sannan ku juya allo ka buga Baƙi, wannan juyawar tana buɗe ido sosai don sai ka zauna a kujerar abokin gaba kake gane abin da yake tsoro. Duk wasan da ka gama, ko ka ci ko an ci ka, ka buɗe littafinka ka nemo takun farko da ka fita daga abin da ka sani, ka duba me manya ke bugawa a wurin, ka nemi wasa ɗaya cikakke da aka buga haka ka bi shi sau ukun nan, sannan ka ƙara taku ɗaya tak a littafin tare da dalilinsa. Ɗaya fa, ba reshe guda ba. A haka littafin zai yi ta girma ta inda ake taɓa ka, ba ta inda ba wanda zai taɓa zuwa ba.

Game da lokaci, wasa biyu a sati da aka bi da kyau sun isa, kowanne kamar awa ɗaya, sai rana ɗaya ta tilawa da za ka maimaita na makon jiya da ka. In gasa ta matso, sati na ƙarshe kar ka ɗauko sabon buɗi ko da ka ga wani ya yi abin mamaki da shi a bidiyo, tilawar littafinka kawai. In an fitar da jadawali ka ga sunan wanda za ka kara da shi kuma yana da wasanni a rumbu, ka duba abu biyu, me yake buɗewa da shi da launin da zai riƙe, kuma me yake yi in an kai inda littafinka ya tsaya, minti ashirin ya isa sai ka kwanta. Takardar da ka rubuta wasanka a kai kuma kar ka bar ta a kan tebur ko ka cusa a aljihu ta yage, ka ɗauki hotonta da waya tun kafin ka bar zauren, da daddare ka shigar da ita PGN ka rubuta a gefe abin da kake tunani a lokacin da kake buga kowane taku mai wuya, tun kafin ka manta, sannan washegari ka kunna injin.